Kati Ɗaya a Gida Guda

Da damina ne, bayan azahar, aka kawo mini jinin wata mata daga ɗakin haihuwa. Lokacin ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Kontagora. Daga Tungan Magajiya aka kawo ta, ta haihu a hanya, jini kuma ya ƙi tsayawa. Likita ya rubuta a ba ta jini leda biyu maza-maza.

Na yi bismillah na ɗiga jinin a kan faranti, na sa maganin gwaji. Ya nuna rukunin A. Na gwada ruwan jinin shi ma, ya ba da shaida iri ɗaya. Amma katinta na asibiti, wanda aka buɗe shekara uku da suka wuce, B aka rubuta a kai, da rubutun hannuna.

Jinin mutum ba ya sauya rukuni. In aka ɗura mata wanda ba nata ba, a halin da take ciki, ba za ta kai magariba ba. Da akwai O, wanda ake ba kowa idan an rasa tabbas, da na ba da shi na huta. Amma babu ko leda ɗaya ta O a firji ranar.

Nas ta leƙo sau biyu. Ta ce mata biyu ne suka haihu tun safe, wataƙila kwalabe aka musanya, in bi kati kawai tunda ni na rubuta. Likita ya aiko cewa bugun jininta yana sauka. Hannuna har ya kai kan ledar B, na ji sanyinta. Sai na tuna malaminmu da ya koya mana kwafar littattafan ajami. Idan kwafi biyu suka saɓa, ba ya bari mu gyara ɗaya da ɗaya, sai mun koma ga asali. Na rufe firjin, na ɗauki sirinji na nufi ɗakin da take.

Idonta a lumshe, leɓenta ya yi fari. Na kira sunan da ke kan katin, ba ta motsa ba. Na ɗebi jinin da kaina. A baranda na tarar da mijinta, na tambaye shi ko katin nata ne. Ya ce nata ne mana, shi ya ɗauko shi da hannunsa. Surukarta, wata tsohuwa mai gicciye a wuya, tana zaune a ƙasa tana sauraronmu. Hausarta a hankali take fita.

"Ɗana, katin gidanmu ne," ta ce. "A gwangwani muke ajiye shi."

"Mama, wa aka fara kawowa da shi?"

"Matar babban ɗana, yayan wannan. Wanda duk ciwo ya kama, shi yake ɗauka."

Mijin ya sunkuyar da kai. Ya ce tsoro ya ji kada a ce sai sun koma layin buɗe kati, ita kuma tana zubar da jini.

Ban tsaya faɗa ba. Na koma na gwada sabon jinin, A ne. Na haɗa shi da na ledar A, na zauna ina kallon agogo ina salati, domin wannan gwajin ba a gaggauta shi. Bai dunƙule ba, alamar sun dace. Na miƙa wa nas ledar, sannan na lura rigata ta jiƙe da gumi.

La'asar ta wuce kafin na samu na yi salla. Washegari na tarar da matar a zaune tana shan kunu, jaririya a gefenta. Na tambaye ta sunanta, ta faɗa da bakinta, na buɗe mata kati nata. Tsohon katin kuwa ban soke komai a kansa ba, don gaskiya ya faɗa game da mai shi. Na mayar wa tsohuwar, na roƙe ta ta damƙa shi a hannun matar babban ɗanta, kada ya koma gwangwani.