Littafin da Ya Sha Man Ƙosai

Cikin shekarun da na yi ina aikin mai bishara a Gummi, ranar da ta ƙi barin raina ita ce ranar da Rabaran ya zo duba kabad. Ga wanda bai san tsarinmu ba, mai bishara ke kula da ƙaramar ikilisiya, Rabaran na gunduma kuma shi ke kula da mai bishara.

A farkon shekarar ne gunduma ta aiko mana da zaɓaɓɓun littattafai kan sahihiyar koyarwa da bangaskiya da girma cikin ruhu. Sharaɗinsu ɗaya: in ba a amfana da su ba, a kwashe a kai Anka. Ni kuwa na tashi cikin maƙwabta masu sa littafin addini a gafaka su rataye sama. Rabin darasin na ɗauka, na manta su kullum suna sauko da shi su karanta. Na sa kafinta ya yi kabad mai gilashi, na jera littattafan da ledarsu, na rataya makulli a wuya. Duk wanda ya zo aro sai na duba hannunsa. Cikin wata biyu koyarwa ta samu cikakken tsaro, babu mai zuwa.

Inna Saratu mai ƙosai kaɗai ta dame ni har na ba ta mafi ƙanƙanta, na bangaskiya. Da na gan shi a hannunta safiyar zuwan Rabaran, mai ya ratsa shi, bango ya rabu. Na karɓe na cusa aljihu, don kada ya ɓata mana suna.

Bayan sujada Rabaran ya buɗe kabad, ya ɗaga ɗaya, ya shafa ledar.

"Malam Bitrus, sannu da ƙoƙari. Ko a kanti ba su kai haka kyau ba."

Na rusuna na yi godiya.

"To, a nemo kwali. Anka za su."

Ban rufe baki ba sai ga Inna.

"Malam, ina littahina? Ka amshe shi ina tsakar rigima da wanda ya rubuta shi."

"Wace rigima, Inna?" in ji Rabaran.

"Ya ce mai bangaskiya ba ya rawar zuci. Wanga bai taɓa jiran ɗanai ya komo daga Zugu bisa babur ba. So nike in ga ko ya gyara magana can gaba."

Rabaran ya miƙo mini hannu. Na zaro littafin daga aljihu, ƙamshin ƙosai ya cika ɗakin. Ya daɗe yana buɗe shafukan da ta naɗe.

"Ya gyara, Inna, a babi na ƙarshe. Amma bai kai ki iya faɗa ba."

Littattafai suka zauna Gummi. Makulli ya koma bakin zanen Inna, wadda ba ta taɓa kulle kabad ɗin ba. Ni aka bar mini goge gilashi, tunda an ga a nan baiwata take.

Ku masu tasowa, abin da na koya ke nan: a aikinmu, littafin da ya tsufa da ledarsa bai ciyar da kowa ba. Kuma in babba ya yabi tsaftar kayanku, ku jira ya gama magana kafin ku rusuna.