Ranar da na leƙa wayar faiba da idona

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Sai in ɗauki biro in ajiye, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba a kan aikin da ba nawa ba. Amma ranar nan ta ƙi fita daga raina, kuma na san ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah.

A lokacin ina gadi da shara a wani ofishi a Gwandu. Ido ɗaya nake gani da shi sosai, na dama, na hagu ƙyanda ta raunana shi tun ina yaro. Babban ofishinmu yana Kalgo, kuma injiniyan da ke kula da na'urorinmu taubashina ne, ɗan kawuna. Shi ya zo ya soka wani ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa a jikin akwatin intanet, ya ce sunansa turansiba. Wai shi ke harba haske cikin siririyar wayar gilashi, faiba, ya kai saƙo daga Kalgo har Gwandu.

Wata safiya intanet ta ɗauke. Ya kira ni daga Kalgo.

"Bawana, shiga ɗakin na'ura ka duba mini, 'yar fitila kore na ci?"

"Ubangidanka dai. Ba ta ci."

"To bari in duba nan, kar ka kashe waya."

Ni manomin fadama ne tun tasowata. In injin ban-ruwa ya ƙi kawo ruwa, abin da muke yi shi ne mu zare tiyo, mu hura, mu leƙa mu ga ko ya toshe. Hannuna ya riga tunanina. Na zare 'yar wayar faiban nan ruwan ɗorawa daga turansiba, na hura bakinta, na kanga ta a idona mai kyau, na daɗe ina kallo.

"Na leƙa ciki," na ce masa ina jin daɗin kaina. "Duhu ne, babu haske ko kaɗan."

Mutumin da bai taɓa magana da ni ba tare da tsiya ba, sai na ji ya ce, "Yaya, mi ka yi? Da wane ido?"

Wannan "Yaya" ita ta kashe mini jiki. Ya ce hasken da ke tafiya a wayar ido ba ya ganinsa, kuma na dogon zango ya fi ƙarfi, yana iya ƙona cikin ido mutum bai ji zafi ba. Ya ce in ajiye wayar faiban, in hau mota mu haɗu a asibitin ido a Birnin Kebbi.

Ban san yadda na kai tasha ba. A mota na dinga rufe idon hagu ina karanta allunan bakin hanya. Da muka wuce Kambaza na ga wani ɗigo baƙi yana yawo a gabana. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce, "Ɗana, kiftawar me kake yi haka, ko ni kake yi wa?" Mota ta kwashe da dariya. Ni kuwa tunanin wanda zai riƙe mini sanda nake yi, da wanda zai ciyar da 'ya'yana.

Likita ta ɗiga mini magani, ta haska, ta duba ta sake dubawa. Ta ce ba ta ga ƙuna ba, ɗigon kuma irin wanda shekaru ke kawowa ne. Taubashina ya sauke numfashi ya ce, "Ka tsira, bawa. Gobe ka je ka hura tiransifoma."

Washegari ya gaya mini masu haƙan magudanar ruwa ne suka tsinke wayar a hanya, don haka babu hasken da ya iso Gwandu ranar. Na so in yarda. Amma ya san halina, ya san ba na barci a kan ƙaramin abu, kuma har yau ban tabbata ba ko gaskiya ce ko kwantar mini da hankali ya yi.

Abin da na koya shi ne, na daina kai hannu ko ido kan abin da ban sani ba don kawai ya yi kama da abin da na saba. Roƙona ga masu karatu, in akwai likitan ido ko mai aikin faiba a cikinku, don Allah ya gaya mini gaskiya: irin wannan haske yana iya yin ɓarnar da ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru? Ido ɗaya ne gare ni.