Kiyashin da Suka Bi Maigidana

A shekarun da sojoji suka koma bariki aka ƙara wa ma'aikata albashi, abu biyu ne suka shigo gidanmu na Ƙofar Kwaya ba da shawarata ba: laftof da abincin leda. Duka maigidana ne ya kawo su. Ma'aikacin gwamnati ne, ofishinsu na wajen GRA. Da yake shi kaɗai ya iya kwamfuta a sashensu, sai aka tsallake waɗanda suka girme shi aka ɗora shi a kan kujera, aka haɗa masa da wata baƙar laftof mai nauyi kamar dutsen niƙa.

Kusa da ofishin aka buɗe gidan abinci irin na zamani, mai ƙofar gilashi da sanyi a ciki. Daga nan kular da nake zuba masa dambu ko shinkafa da wake ta fara dawowa yadda ta tafi. Da rana soyayyiyar kaza da soyayyen dankali, ya kora da lemo mai sanyi. Da yamma ya shigo da leda, mitfai da kek da wani lemon, ya baje a falo yana ci da hannu ɗaya yana danna laftof da ɗayan. Haushi ya ishe ni. Ni kuma mace ce mai bin diddigi, ba na iya ganin abu ban tambayi asalinsa ba.

"Malam, wai mi suke sa ma abin nan?" na tambaye shi. "Kaza ce ko gishiri da mai?"

Ya ce, "Ke dai kishi kike da masu girkin."

Na ɗauke kek ɗaya na ɗora a saman kabad don in ga ranar da zai lalace. Tuwona kwana ɗaya yake ya sauya wari. Shi wannan har na manta da shi, da na tuna na hau kujera na duba, yana nan da ƙyallinsa kamar yanzu aka gasa. Na nuna wa maigida, ya yi dariya ya ce ai inganci ke nan. Ni dai jikina bai ba ni ba.

Hankalinsa duk yana kan laftof. Kullum ƙorafi yake ta yi nauyi, sai ya kunna ta ya je ya yi alwala ya dawo ba ta gama farkawa ba. Abokansa suka ce ram ɗinta ne ya yi kaɗan, wani ɗan falle ne a cikinta, in aka sa babba za ta yi sauri. Wata Asabar da hantsi za mu gaida mahaifiyarsa a unguwar Gobarau, sai ya ce mu biya ta shagon mai gyara tukuna.

Ina tsaye a bakin shagon mai gyaran ya kifa ta, ya kwance ƙusoshi, ya ɗaga murfin. Sai ya ja da baya yana salati. Kiyashi ne. Cikinta baƙi ƙirin da su, suna ta kai-komo ɗauke da fararen ƙwayayensu, suka malalo kan tebur ba ƙara ba motsin komai sai nasu. Abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne, da maigida ya dafa teburin, sai wasu suka hau yatsunsa suka bi hannun rigarsa. Mai gyaran ya ce shi tun da yake aikin nan bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya hure su da iska, ya sa sabon ram. Laftof ta tashi fes, maigida sai murna yake, ni kuwa duk hanya ina kallon hannun rigarsa.

Daga ranar na fara lura. Kiyashin suna cikin jakar ofishinsa. Suna bin layi a bangon banɗaki bayan ya fito, in ni ce ko yara ba ko ɗaya. In na zo wanki, kwandon kaya a cike, amma kayansa na ciki kawai suke lulluɓewa, su bar nawa da na yara kamar an gaya musu mai su. Na share, na zuba kananzir, na yayyafa maganin ƙwari na fiya-fiya. Washegari suna nan. Na ji tsoro ƙwarai, kuma kunya ta hana ni faɗa wa kowa maganar banɗakin da kayan cikin.

Shi kuma ya fara ramewa. Mutumin da ke cin kaza kullum, sai ga agogo na yawo a hannunsa, wuyan riga ya yi masa yawa. Shan ruwa kuwa kamar ana zubawa a rairayi. Ya ce rubutun laftof ya fara yi masa hazo, wai ko allon ne zai canza. Na ce, "Malam, na'urar nan ka san zafin cikinta, ka san abin da ta rasa. Kai fa?" Ya ce gajiyar aiki ce.

Surukata, da muke kira Inna, shi kaɗai ne ɗanta namiji, ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifinsa da kuɗin ƙuli-ƙuli. Da ta ga ramar, ta kuma ji labarin abin da ya fito daga laftof ɗin ofis, ba ta yi wata-wata ba.

"Wanga ba ciwon asibiti ba ne," in ji ta. "An ba ka kujerar manya, ka zaci barin ka za su yi? Abin daga ofis ya hito, kuma kai shike bi."

Wallahi ni ma na yarda. A lokacin mun ɗauka ciwon suga na tsofaffi ne da masu tumbi, shi kuwa matashi ne, ga shi yana ƙarewa a tsaye. Inna ta tashi haiƙan. Ta karɓo addu'o'i, ta kuma aika wa wasu Fulani da ta saba sayen man shanu a wurinsu suka kawo mata zuma farar saƙa. Aka ce ya sha da safe kafin ya ci komai, ya sha da yamma, cokali cike, da habbatussauda. Ba ta yarda da kowa ba, ita da kanta take hawo ɗan acaɓa daga Gobarau, da ciwon gwiwarta, ta zauna ta ba shi a baki kamar yaro. Yana sha yana ƙara ramewa, ita kuma tana ƙara cokali, tana cewa maƙiyan ne suka matsa.

Wata Laraba da rana tsaka aka kira ni daga ofis, wai maigida ya faɗi a kan tebur. Na same shi a asibiti ana masa ƙarin ruwa, leɓensa ya bushe, numfashinsa na wani irin ƙamshi-ƙamshi mai tayar da hankali. Likita ya ce suga ne, ya hau sosai, da an ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. Na ja likitan gefe na cije na faɗa masa zancen kiyashi. Ya ce zaƙin da ke fita a fitsarinsa suke bi, laftof kuwa ɓurɓushin kek da ɗigon lemo da ɗumi suka samu. Na gaya masa zancen zumar. Ya ce a dakatar da ita yau ɗin nan.

Da maigida ya farfaɗo, likitan ya zo bakin gado, Inna na zaune da carbi a hannu. Ya tambaye shi abin da yake ci. Maigida ya lissafa kaza da dankali da kek da lemo, bai rage komai ba. Likitan ya ce, "Sai kuma me? Akwai wani abu mai zaƙi?"

Maigida ya dubi mahaifiyarsa, ya dube ni. Ya ce, "Babu."

Bayan Inna ta fita alwala na tasa maigida gaba. Ya ce, "In ta san hannunta na cikin abin da ya kwantar da ni, ba za ta ƙara barci ba. Ki bar ni da ita." Na ce rai fa ake magana. Ya ce ya sani.

Ya bar abincin leda, ya koma kulata, ya riƙe magani da awon jini. Inna kuwa har ta koma ga Allah ta yi imani zumarta ce ta karya abin da aka yi wa ɗanta. Kwalaben da take aikowa ina raba wa maƙwabta a ɓoye. Amma ranar da ta zo da kanta ba ni da dabara. Za ta zauna a gefensa, ta buɗe kwalba, ta cika cokali har yana ɗiga, ta ce, "Bismillah, ɗan nan, buɗe." Ina tsaye a bakin ƙofa, ina yi masa ido. Shi kuwa sai ya kawar da kai daga gare ni, ya buɗe baki.