Douwe da Tutar da Aka Kifa

Douwe Zijlstra ya rasu a watan Maris yana da shekara saba'in da takwas. Ashirin da shida daga ciki ya yi su ne a jirgin ceto na ƙauyenmu da ke bakin teku a lardin Friesland. Ni akawu ne a ƙaramar hukuma, rajistar koke-koke tana hannuna.

A shekarar da manoma suka fusata kan shirin gwamnati na rage shanu, sai suka riƙa rataye tutar ƙasa a kife, shuɗi a sama, ja a ƙasa. Cikin mako uku na rubuta koke goma sha bakwai. Wasu sun ce cin mutuncin waɗanda suka mutu a yaƙi ne. Douwe ma ya zo ofis, amma ba koke ya kawo ba. Sunayen gonakin da suka kifa tuta ya nema.

"Me za ka yi da su, Kawu Douwe?"

Ya ce, "A teku, in jirgi ya kifa tutarsa, cewa yake yi ku zo, muna nutsewa. Ba a tsayawa tambayar ko ra'ayinku ɗaya. Zuwa ake yi."

Ya hau kekensa ya bi gonaki goma sha ɗaya. Yawanci dariya aka yi masa, aka ba shi kofi, aka yi masa bayanin siyasa. Gona ta ƙarshe ita ce ta Hylke Boersma, wanda suka yi firamare tare. Matar Hylke ta rasu, ɗansa ya koma birni, ya rage shi kaɗai da shanu arba'in da gwiwar da ta ƙi lanƙwasuwa. Tatsa ta fara fin ƙarfinsa, har likitan dabbobi ya gargaɗe shi cewa in aka ci gaba a haka za a kwashe shanun. Bai gaya wa kowa ba. Ni ma daga baya na ji a bakinsa.

Douwe ya ce, "Na ga alama, na zo."

"Da gwamnati nake, ba da kai ba, tsohon kifi."

"Gwamnati ba ta da keke. Wa ke nutsewa?"

"Ka ga ruwa a nan? Fice mini."

Washegari Douwe ya koma. Kwana takwas yana tsayawa a bakin shinge da ƙarfe shida na safe, yana jin kukan shanun da nono ya cika wa hantsa. Rana ta tara Hylke ya fito yana ɗingishi, ya jefa masa takalman roba.

"Tunda ba ka da aikin yi. Amma in ka taɓa jar saniyar can da sanyin hannunka ta harbe ka, babu ruwana."

Douwe bai taɓa tatsa ba, ya koya. Shekara biyu ya yi yana zuwa kowace safiya, suna aiki suna gardama a kan gwamnati, don Douwe bai taɓa goyon bayan zanga-zangar manoman ba. Ba a kwashe shanun ba. Daga baya Hylke ya sayar da su da kansa, ga maƙwabcin da ya zaɓa.

Da na zo rufe rajistar shekarar da aka kifa tutocin, ina bukatar sanin ko an gyara tutar gonar Hylke, sai na tambayi Douwe. Ya yi ɗan tunani.

"Ban duba ba, ɗana. In ka riga ka shiga jirgin, ba ka da lokacin ɗaga kai."