Ranar da Na Tsayar da Gayyar Maza a Dajin Bagaruwa

Ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da na tsayar da gayyar maza ba.

Ƙauyenmu yana kusa da Suki. Tsakaninmu da kogi akwai dajin bagaruwa, inda mu mata muke tsintar 'ya'yanta don jima da maganin tari. Sai miskit ya shigo mana, baƙon icen nan mai ƙaya da awaki ke cin 'ya'yansa suna baza irin a kashinsu. Inda ya kafu, ba abin da ke sake tsirowa. Wata shekara da ruwa ya janye, ƙananan tsiro suka rufe dajin, sai kawuna, shehin gari, wato mai garinmu, ya kira gayya a tumɓuke miskit.

Ni kunu kawai na kai musu. Ina sauke ƙwarya na dubi tulin da suka tara. Rabinsa tsiron bagaruwa ne! Maza ba sa durƙusawa tsinta, babbar bishiya kawai suka sani. Da an bar su zuwa la'asar, da sun share dajin jikokinmu da hannunsu.

Na ce, "Kawu, don Allah ku dakata."

Ya ce, "Ya bitti, 'yata, aje kunu ki tai gida. Aikin maza ne."

Ni dama ba a san ni da haɗiye magana ba. Na ɗauki tsiro biyu, ɗaya na miskit ɗaya na bagaruwa, na miƙa masa. "Dubi ganyen, Kawu. Na miskit gida biyu yake rabuwa. Na bagaruwa jere yake kamar haƙoran matsefi. Kuma miskit in fizgarsa kuka yi ba ku haƙo saiwar ba, kafin wata zai dawo ya yi muku sallama."

Wani ya yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya daɗe yana jujjuya su a tafin hannunsa, sannan ya ɗaga kai ya ce, "Kalas, ya isa haka, kowa ya tsaya. Je ki kira matan."

Ranar mu muka shiga gaba muna nunawa, maza na binmu suna haƙa. Har liman sai da ya ɗago wani tsiro ya ce mini, "Malama, wannan fa?"

Tsiron da muka ceta yanzu sun fi ɗakina tsawo, kuma wallahi in na ratsa ta cikinsu ji nake kamar ni na haife su. Tun ranar na gane ƙwazo ba ya amfani sai an san abin da ake cirewa, kuma wanda ya sani bai kamata ya yi shiru ba, ko da kunu kawai ya kawo.