Ranar da Farfesa ta lashi muƙamuƙin kada

Har gobe ban manta da ranar da manajan sashenmu ya kira ni ofis ba, a gidan tarihin da nake aiki a Manhattan. Aikina shi ne gyaran ƙasusuwan dabbobin da suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse. Nakan cire ƙasar da allura, in shafa gam don kada su farfashe. In ƙashin mai daraja ne, akan yi kwafinsa da roba, a adana na ainihin.

A teburinsa na tarar da muƙamuƙin wani kada da na gyara a makon. Ya ce wani ya tsegunta masa cewa abin yana ƙyalli kamar roba, kuma akwai masu sayen na ainihi a ɓoye. Bai kira ni ɓarawo ba, amma ya karɓi makullina. Ga shi kuwa takardar zamana a ƙasar nan a kan aikin take.

Nan take na zargi cewa mai tsegumin Farfesa ce, wadda ta haƙo ƙashin a hamadar Nijar. Tsohuwar Baturiya ce da ta ƙarar da ƙuruciyarta a tanti. Duniya ta san sunanta, amma ni ban taɓa ganin haƙorinta ba. Kullum tana tsaye a kaina tana harara.

Ta shigo tana dogara sanda. Ta jujjuya ƙashin, ta nemo bakin wata karaya da gam bai taɓa ba, ta ɗora harshenta a kai. Na ce a raina, to, tsufa ya gama da ita. Sai harshen ya manne. Ashe ƙashi yana da ƙananan ramuka masu tsotse yawu, roba kuwa ba ta riƙe harshe.

Ta ce wa manaja na ainihi ne, ya mayar mini da makullina. Sannan ta dube ni, ta ce da Hausarta ta Agadas, "Malam Bitrus, gam ya yi yawa, shi ya sa yake ƙyalli. Sake."

A jirgin ruwan St. George da ke kai ni gida, na yi ta bin fuskokin abokan aikina a raina ɗaya bayan ɗaya. Duk masu fara'a ne, kuma har yau ban san wanda ya kai maganar ba. Na dai gane cewa a sana'ar nan mai harararka aikinka yake dubawa. Farfesa ta yi ritaya, amma duk ƙashin da na gyara, sai na bar masa wuri ɗaya babu gam, daidai faɗin harshe.