Ranar da Pon ɗin Gaba Ya Karye

Shekara takwas na yi ina tuƙa taraktar ƙungiyar manoman garinmu kafin tashin hankali ya iso bakin kogin Komadugu. Tsohuwa ce, amma tana da ƙarfi. Da ita muke huɗar fadamar tattasai, da ita muke kai buhuna Diffa. Tana da abin da direbobi ke kira karabo, wata 'yar sanda gefen kujera, in ka tura ta sai ƙafafun gaba su ma su kama ja, huɗu duka. A ƙasa mai yashi irin tamu, in babu karabo ba inda za ka kai kaya.

Tayoyin gaba ne suka fara cinyewa. Da can ba wuya, a tsallaka Najeriya a sayo. To an rufe iyaka, kasuwannin ƙetare sun mutu. Na yi ta liƙi har ta dama ta fashe gaba ɗaya. Na bi garejin Diffa ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar na samu guda biyu na wata tarakta daban da injinta ya mutu. Sun zauna kan ƙarfen ƙafarmu, sai dai sun fi na asali tsawo da kamar yatsu uku, kuma haƙoransu sababbi ne masu zurfi.

Makaniken da ke duba mana ita wani dattijo ne Babarbare, garejinsa ƙarƙashin dogonyaro bayan tasha. Ya zagaya tayoyin sau biyu, ya auna su da igiya.

"Ɗana, waɗannan ba nata ba ne."

"Baba, ai sun shiga."

"Sun shiga, amma ba su dace ba. In ka sa karabo, gaba da baya a ɗaure suke, tare suke juyawa. Yanzu na gaba sun yi girma, suna son cin ƙasa fiye da na baya. Cikin yashi da sauƙi, taya za ta sulɓe ta huta. Kan gudron, hanyar kwalta, ba inda za ta sulɓe. Duk faɗan a cikin pon zai ƙare."

Ya buga hannu kan pon ɗin, wato ƙaton ƙarfen da ke haɗa ƙafafun gaba biyu, mai haƙora da mai a cikinsa.

"Da ka hau gudron, fitar da karabo. Kar ka yi ƙyuya. Babu irin wannan ƙarfen a Diffa, ko Damagaram ban tabbata ba."

Na riƙe maganarsa wata huɗu, ban saɓa ba.

Sai bazara ta shigo, kogi ya ƙafe, ana tsallaka shi da ƙafa. Mutanen daji suka shiga garin da ke gabas da mu da rana tsaka, suka kashe waɗanda suka kashe, suka ƙone rumbuna. Washegari sojoji suka zo suka ce kowa ya bar bakin kogi ya koma gefen babbar hanya, kwana biyu suka ba mu. Bulaman garinmu ya kira ni, ya ce babu wata mota sai tawa.

Hanyar kashi biyu ce. Daga gari zuwa gudron yashi ne zalla, daga nan kuma a bi gudron wani ɗan nisa zuwa filin da aka nuna mana, kusa da inda mutanen Assaga suka kafa bukkoki. Sawu na farko da na biyu na yi yadda aka ce. Amma fitar da karabo da waɗannan tayoyi ba wasa ba ne, sandar ta kan ƙage, sai na tsaya, na ja baya da tirela cike da mata da yara, sannan ta saki. A sawu na uku ta fita, da na komo bakin yashi kuma ta ƙi shiga. Na tura, na doka da dutse, na shiga ƙarƙashi. Rana ta take, can wajen kogi ina jin harbi jefi-jefi, ga mutane a gari suna jirana. Da ta shiga daga ƙarshe, hannuna na jini, sai na yanki roba na ɗaure ta a wurin. Na ce ba zan sake taɓa ta ba sai kowa ya fito.

Sawu shida na ƙara a haka. Ina jin abin da nake yi mata. Kan gudron sitiyari ya yi tauri, tayoyin gaba suna barin baƙin layi, tana ɗan tsalle a kowace kwana. Da farko wani gurnani ne daga ƙasa, zuwa safiyar rana ta biyu ya zama ƙwanƙwasa. Mai ya fara tsiyaya daga ƙafar hagu, ƙarfen wurin ba ya taɓuwa don zafi. Na zuba ruwa, na ɗura man inji tunda shi nake da shi, na ci gaba.

Sawun ƙarshe bayan azahar ne. Saura tsofaffin da ba sa iya tafiya, har da innata, da wata mai jego kwana uku da haihuwa, da kawun bulama wanda ya shekara a kwance. Mutum goma sha ɗaya. Ina ɗora su sai ga yayana da wani maƙwabci suna jawo injinan ban ruwa da buhunan busasshen tattasai.

"Yaya, ba za ta ɗauka ba. Kana jin ƙararta."

"In mun bar injinan nan, da me za mu komo? Me za mu ci can bakin hanya?"

"Mutane dai tukuna."

"Ba wani sawu bayan wannan, kai ma ka sani."

Na sani. Aka loda.

Mun ci rabin yashin, a wani kwari da nake wucewa kullum, na ji ƙara kamar an sari ƙarfe da gatari. Ƙafar hagu ta karkace ciki, tarakta ta durƙusa. Na ba ta wuta, ƙafafun baya suka haƙa rami suka zauna. Muka sauke buhunan, muka tona da hannu, muka shimfiɗa tabarmi da rassan ƙaya. Ko motsi. Da na ɗaga kai sai na hango hayaƙi ta wajen garinmu. Ga shi an ce duk abin da aka gani yana motsi a dajin nan bayan faɗuwar rana, harbi ne.

Mu uku ne masu ƙarfi. Sai mu goyi uku mu kai su gindin wata aduwa, mu komo mu ɗauki wasu, in sun cika mu sake gaba. Na goyi inna, ba ta da nauyi ko kaɗan, amma yashi yana ƙona ƙafa.

"Ajiye ni nan," ta ce a kunnena. "Je ka ɗauko yarinyar can da jaririnta. Ni na gama nawa."

"Inna, ki yi shiru don Allah."

Ruwanmu ya ƙare a itace na uku. Kawun bulama ya daina amsawa, leɓɓansa sun bushe. Na tsaya tsakanin waɗanda ke gaba da waɗanda ke baya, na rasa wa zan nufa, na ji ina kuka da ƙarfi ban san lokacin da na fara ba. Allah ya kawo wani Bafillace da amalanken jaki, shi ma gudu yake da iyalinsa. Ya sauke kayansa a ƙasa, ya ɗauki biyar. Muka taka gudron ana kiran magariba. Kawun bulama bai kai isha ba, aka yi masa sutura a gefen hanya, garin da bai sani ba.

Ba wanda ya ɗora mini laifi. Ni da yaya kuwa mun daɗe gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Bayan kwana goma aka bar mu muka je da wata babbar mota muka jawo ta. Babu buhu ko ɗaya, babu injinan ban ruwa, har batir an cire. Makanike ya buɗe pon ɗin, man ya fito da garin ƙarfe kamar tsaki, haƙoran sun kakkarye. Ya kwashe su, ya cire ƙarfen da ke kai ja gaba, ya yi walda. Ta tashi, amma da ƙafa biyu kawai take ja.

Tun daga nan cikin Diffa nake aiki, jigilar durom na ruwa da bulo. Da aka ɗan samu sauƙi, mutanenmu suka fara komawa fadama da rana su dawo da yamma. Suka roƙe ni in gwada ko kadada ɗaya in huɗa musu. Na sauka daga gudron, ban yi nisan jifa ba ta nutse. Muka turo ta baya, na kashe ta gefen hanya. Yaya na riƙe da fartanya biyu, ya miƙo mini ɗaya, muka bi sauran da ƙafa.